Wayar da Ta Ratsa Maƙabartar Su Kawu

Aikina shi ne in bi waya in tabbatar da lafiyarta kafin masu tantancewa su zo su sa hannu. Wayar faiba nake nufi, baƙar nan mai kaurin babban yatsa da ake binnewa a gefen titi. A cikinta akwai zaruruwan gilas sirara kamar gashi, haske ke bi ta cikinsu yana kai magana da hoto daga gari zuwa gari. Ni ba na haƙa, ba na binnewa. Sai leburori sun gama sun watse, ciyawa ta rufe inda suka bi, sannan ake kiran irinmu mu zo mu gano ɓarnar da suka bari a ƙasa. In layi ya yi kyau, kamfani ake yabo. In ya faɗi, mu ake kira ana ɗaga mamu murya.

Shirin ba wani abin burgewa ba ne. Ka buɗe kowane akwatin ƙarfe da ke kan layin, ka kori ƙadangaru, ka kakkaɓe gidan zanzaro. Ka ɗaga murfin kowane ramin haɗi ka duba ko ruwa ya kwanta, kuma da damina ya kwanta ɗin. Ka duba lambar da aka liƙa ma zare a wannan ƙarshen, ka tabbatar ita ce a wancan ƙarshen. Sannan ka goge bakin kowane zare da auduga da sifirit, ka leƙa shi da madubi, ka sake gogewa, don ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta kayar da layi. Na taɓa aiki da wani da ke hura ma bakin zare iska bayan ya ci goro, ya goga a gaban riga, ya ce ya yi. Har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

A daminar da nake magana, an ba mu layin da ya tashi daga Kankiya ya tafi Kusada. Wasu leburori daban ne suka binne shi tun da rani, ban san ko ɗayansu ba. Mu biyu aka turo, ni da abokin aikina, wani mutumin Dudunni mai ƙarancin magana, wanda ke tuƙa motar kuma yake riƙe mani ɗaya ƙarshen layin in ana gwaji. Oganmu injiniya ne da ke zaune a Katsina, ba ka ganinshi sai abu ya lalace. Ya ce masu tantancewa suna tafe da tasu na'urar a mako mai zuwa, kuma abin da na'urarsu ta gani shi ne magana, ba abin da bakinmu ya faɗa ba.

Hanyar na santa tun ina yaro, domin ƙauyen kawuna yana bakinta, su da mutanen Mawashi kasuwa ɗaya suke ci. Kawu yayan mahaifiyata ne, matarshi kuma Inna muke ce mata. A hannunta na yi firamare lokacin da mahaifiyata ta yi doguwar jinya. Mai daddawa ce, ko an wanke zanenta sai ka ji ƙanshin kalwa. Faɗa gare ta ba kaɗan ba, ta ja kunnenka ta duba ko ka wanke bayanshi, ta zage ka tas, sannan ta tura maka kwanon dambu ta ce ka cinye kada ta ga saura. Ina son matar nan, kuma ban taɓa gaya mata ba, don ba mu saba da irin wannan magana ba.

Da farkon daminar nan ta rasu, bayan ɗan zazzaɓin da ba wanda ya ɗauka zai kai haka. Ranar ina can wajen garin Ƙofa cikin ramin haɗi, wayata tana mota. Kafin in ga kiran in hau hanya har an dawo daga maƙabarta. Washegari da safe Kawu ya kai ni kabarin. Na yi mamakin ganinshi dab da titi, tsakaninshi da kwalta bai fi tsawon tabarma biyu ba, alhali na san su kakanninmu can ciki suke kwance wajen kukoki. Na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Wa ke shiga can ciki yanzu? Tun da mutanen nan masu bindiga suka fara ratsowa ta bayan rafi, ba mai yarda shi duƙa haƙa a wurin da ba a hango shi daga hanya. Duk wanda ya rasu bana nan bakin titi aka aje shi."

Na duba, haka ne kuwa. Sababbin kaburbura sun yi layi a gefen hanya, sun matse juna. Na tsuguna na yi mata addu'a, muka koma gida karɓar gaisuwa.

Makonni sun wuce kafin mu zo kan wannan layin. Bayan mun gama goge-goge da duba lambobi, na zauna gaban akwatin da ke Kusada na haɗa na'urar gwaji. Abin da take yi ba wuya a gane shi. Tana harba haske cikin zare, ta saurari abin da ya dawo, ta zana maka shi a fuskarta. In waya lafiya take, zanen layi ne da ke gangarawa a hankali, da 'yan ƙananan matakala a wuraren da aka haɗa waya da waya. Na san inda kowane haɗi yake. Amma ranar sai na ga wata matakala babba a tsakiyar hanya, inda ba haɗi ko ɗaya. Na koma zare na gaba, tana nan. Na bi su duka, tana nan a wuri guda.

Na'urar tana da haske iri biyu. Na gwada da na farko, matakalar ba ta da zurfi sosai. Na gwada da na biyu, sai ta faɗa ƙasa kamar an tura ta. Duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya san ma'anar haka: wayar ba ta tsinke ba, lanƙwasa ta aka yi lanƙwasa mai tsanani, har haske yana zubewa a gwiwar. Na ma ɗan ji sanyi, don lanƙwasa ta fi tsinkewa sauƙi. Ka je wurin, ka tone, ka miƙe ta, shi ke nan. Na ɗauka wani lebura ne ya ci karo da dutse ya zagaye shi da ƙarfi, na zage shi a raina ba tare da na san shi ba.

Na'urar tana faɗa maka nisan wurin daga inda kake zaune. Muka shiga mota muka je ramin haɗi mafi kusa, abokin aikina ya sauke keken awo, wata ƙafa guda ce da ake turawa tana lissafa tafiya. Ya kama turawa a gefen kwalta, ina biye da shi. Gero ya kai ƙirji a gonaki, ƙasa a jiƙe. Muka wuce kwalbati, muka wuce wata rumfar masu faci, na fara hango rufin gidajen su Kawu. Ban kawo komai a raina ba. Har muka shiga jerin kaburburan ban kawo komai ba, sai da ya tsaya ya ɗago kai ya ce mani nan ne. Ƙafar keken tana daidai ƙarshen kabarin Inna, wajen ƙafafunta.

Na ce mashi awon ba daidai ba ne. Na faɗa da ƙarfi har ya kalle ni. Waya ba ta bin titi sak, tana da rara a ramuka, kuskuren taku goma ba abin mamaki ba ne. Bai yi mani gardama ba. Muka koma har Kankiya na harba hasken daga can, muka sake turo keken daga ramin da ke wancan ɓangaren. Ya sake tsayawa a wuri guda. Ba dutsen alama ko ɗaya a wannan tsakanin da zai nuna ma mutum akwai waya a ƙasa. Ko ba a kafa ba ne tun farko, ko an tumɓuke, ban sani ba har yau.

Na bar abokin aikina a mota na bi Kawu gona. Na same shi yana maimai, ya duƙa cikin gero ba ka ganin komai sai bayanshi. Da ya gan ni ya miƙe ya dafa ƙugu.

"Injiniya ne da rana tsaka? Halan an kore ka."

Haka yake kirana don tsokana, ya san ni ba injiniya ba ne. Na gaishe shi, na rasa ta inda zan fara, sai kawai na tambaye shi ko sun ga wani abu a ƙasa ranar da suka haƙa kabarin Inna.

Ya ce, "Wayar ku? Mun gan ta."

Ya faɗa mani yadda aka yi ba tare da ya ɓoye komai ba, don a ganinshi ba abin ɓoyewa. Sun gama babban ramin, sun fara ƙaramin da ake kwantar da gawa a ciki, sai fartanya ta taɓa wani abu baƙi wajen ƙafa. Ba ta da zurfi, marmara ce a wurin, da alama masu binnewa sun gaji sun aza ta sama-sama. Wasu suka ja baya suna cewa ta lantarki ce. Rana ta yi, gawa tana kan makara a gefen titi, ba wani fili kusa, ga kabari dama ga kabari hagu. Wani ya ce a sare ta da gatari a huta, Kawu ya hana.

"Na ce masu kayan gwamnati ne, kuma irin aikin ɗana ne, ba mai sare ta. Muka sassauta ƙasar da ke gefenta, na jawo ta da hannuna. Na sassaƙe turke na kafa a kusurwa, na zagaya ta a bayanshi, na danne da itacen ƙarshe don kada ta dawo ta hau ƙafar matar nan. Ko ƙwarzane ba mu yi mata ba. Ka duba ka gani."

Yana faɗa yana kallona, yana jiran in ce sun kyauta. Sun kuwa kyauta, iyakar saninsu. Igiya aka saba yi ma haka, da tiyon ban ruwa, da wayar rediyo, ba abin da ke samunsu. Wa zai gaya ma manomi cewa akwai wayar da lanƙwasa ke kashewa? Na tsaya cikin geron nan na yi mashi bayanin haske da gwiwa. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "To yanzu mi ake ciki?"

Na ce ban sani ba tukuna, amma ba wanda zai taɓa kabarin. Ban da ikon faɗin haka, na dai faɗa.

Oga ya zo washegari. Ya tsaya bakin kwalta da takalminshi mai tsabta ya dubi wurin, ya dubi hoton zanen a wayata. Na riga na shirya abin da zan ce. A yanke wayar gaba da kabarin, a yanke bayanshi, a bar guntun a ƙasa tare da Inna, a kawo sabon guntu a zagaye. Haɗi biyu ne kawai za su ƙaru, kuma na san hannuna, zan yi su yadda ba za su kayar da layin ba.

Ya ce, "A zagaye ta ina?"

Ya nuna mani da hannu. Ciki kaburbura ne har inda ido ya kai. Waje kuma magudanar siminti ce sai kwalta. In za a zagaye, sai an huda ƙarƙashin titi an ƙetara, an sake hudowa an dawo, kuma wannan sai da izinin masu hanya, wanda ke cin watanni. Ya ce ba zai koma ya gaya ma na sama da shi cewa layi gaba ɗaya zai zauna har kaka saboda turke guda ba. Ya ce ba gawar za a fitar ba, itace ɗaya ne za a ɗaga. In mutanen gari sun ƙi, za a bi ta wurin hukuma, a zo da leburori daga waje su yi a cikin awa guda.

Nan na manta da cewa ogana ne. Na tambaye shi ina yake lokacin da aka binne waya a zurfin da kaza za ta iya tonowa. Na tambaye shi ina duwatsun alamar da ya kamata a kafa. Na ce in kabarin uwarshi ne zai kira shi itace ɗaya? Abokin aikina ya riƙe mani hannu. Oga bai yi fushi ba, kuma wannan ya fi ƙona mani rai. Ya ce ya yi mani ta'aziyya, ya san da zafi, amma masu tantancewa ba za su tambayi wa ke kwance a wurin ba. Ya shiga mota ya ce yana jiran amsa kafin jibi.

Na yi tunanin in yi shiru in bar layin ya faɗi, in ya so a kore ni. Amma faɗuwar layin ba za ta ceci kabarin ba. Na'urar masu tantancewa za ta nuna masu wurin kamar yadda tawa ta nuna mani, su rubuta a gyara, a turo baƙi da diga waɗanda ba su san ko mace ce ko namiji a ciki ba. Duk inda na juya maganar nan take dawowa.

Da la'asar aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa, ni da Kawu da liman da shi mai unguwar. Na maimaita bayanin. Liman dattijo ne mai taka-tsantsan, ya daɗe yana jan carbi kafin ya yi magana. Ya ce kabari amana ne, mamaci yana da alfarma irin ta mai rai. Ya ce malamai sun yi sassauci in lalura ta kama, amma shi bai san ko waya lalura ce ba, kuma ba zai ɗora ma kanshi cewa ita ce ba. Mai unguwa ya ce shi abin da yake tsoro shi ne a zo da 'yan sanda, matasa su taru, a yi abin da ba a so. Aka yi ta juya magana ba a kai ko'ina ba. Kawu yana zaune yana ɓare busasshiyar laka daga dugaduganshi.

Can ya ɗago ya tambaye ni, "In aka ƙi, za su zo su tone?"

Na ce za su zo.

"Baƙi?"

Na ce baƙi.

Ya ce, "To ni na kafa turken, ni za ni cire shi. Ba wanda zai ga matata. Malam, ka tsaya mani a kai. Mai unguwa, ka sa a kare mu daga hanya."

Na ce zan shiga tare da shi, ni na san yadda ake miƙe wayar. Ya girgiza kai.

"Kai ba ka tsayawa a kanta. Ka ce abin naka yana gani daga nesa? Je ka zauna gabanshi. Da ya isa ka aiko a gaya mani, kada in buɗe fiye da abin da ya zama dole."

Abin da ya faɗa shi ne daidai ko a ƙa'idar aiki, don sai da mai kallon na'ura ake sanin an sassauta yadda ya kamata. Na nuna mashi da igiyar guga yadda ake so wayar ta kwanta, ta yi baka mai faɗi, ba gwiwa ba. Ya gwada a ƙasa har sau biyu, ya ce ya gane. Da yammacin muka tone wayar a waje, gaba da kabarin da bayanshi, ni da abokin aikina, don ta sami rarar da za ta zagaya. Ba mu matsa kusa da tudun ba.

Da safe bayan rana ta ɗan ɗaga na zauna gaban akwatin Kusada. An yi ruwa da asuba, ƙasa tana tururi. Na haɗa na'urar na sa ta a yanayin da take harba haske ba tsayawa, zanen yana rawa kaɗan-kaɗan a gabanka. Abokin aikina yana can bakin maƙabarta da waya a kunne, ya ce mani ya juya masu baya, an kafa zana tsakaninsu da titi, liman ne kawai a ciki tare da Kawu. Ta wayar ina jin motoci suna wucewa, ina jin wani yana kiran akuya. Ƙarar fartanya ba na jin ta sosai, sai in ta taɓa marmara.

Mutane suna wucewa ta gabana suna harkarsu. Wata mai nono ta tsaya ta tambaye ni ko zan sha fura, na ce a'a. Matakalar tana nan a fuskar na'urar ba ta motsa ba. Na daɗe ina kallonta har idona ya fara ruwa. Abokin aikina ya ce sun daina haƙa, shiru ya yi yawa, bai san abin da suke yi ba. Na ce kada ya waiwaya.

Sai matakalar ta motsa. Ta ƙara zurfi da farko, har zanen bayanta ya kusa ɓacewa, na gane Kawu ya kama wayar yana ja don ya zare ta daga bayan turken. Hannun Kawu ne nake gani a gilashin nan, yana cikin kabarin matarshi, ni kuma ina zaune a inuwa ina auna shi. Ban taɓa ƙin wannan aiki kamar wannan lokacin ba. Daga nan ta fara tasowa a hankali, ta tsaya, ta sake tasowa. Ta kai inda zan iya cewa ya isa, amma ba ta kai inda masu tantancewa ba za su yi magana ba. In na ce ya isa yanzu, wataƙila a sake buɗewa. Na ce ma abokin aikina ya gaya mashi ya ƙara kaɗan. Na ji ya ɗaga murya ya faɗa ta bayan zana. Zanen ya yi rawa, ya miƙe, matakalar ta shafe kamar ba a taɓa yin ta ba.

Na ce, "Ya isa. Ka ce mashi ya isa."

Ban tashi nan take ba, don aiki bai ƙare ba. Sai da na bi zaruruwan ɗaya bayan ɗaya da haske iri biyun, na adana kowane zane. Duk sun yi kyau. Na tura ma oga hoto, ya amsa da cewa madalla. Na rufe akwatin na tari mashin zuwa ƙauyen.

Kafin in isa an mayar da komai. An ɗauke zanar, tudun ya koma yadda yake, sai dai ƙasar wajen ƙafa ta fi sauran duhu. Abokin aikina yana cike ramukan da muka tona a waje. Ya nuna mani gida da haɓa.

Na sami Kawu a zaure, zaune a ƙasa ya jingina da bango. Wandonshi jiƙe yake har cinya, laka ta bushe a hannuwanshi har gwiwa, bai wanke ba. Ga wani tsohon kwanon sha a gefenshi, shi ma duk laka. Na tsuguna na gaishe shi. Ya amsa ba tare da ya kalle ni ba.

"Ta yi?"

"Ta yi, Kawu."

"To madalla."

Na yi zaton shi ke nan, na fara neman abin da zan ce na ban haƙuri. Sai ya ce, "Ruwa ne a ciki."

Ban gane ba da farko.

"Da na ɗaga itacen, ruwa na tarar. Tana kwance cikin ruwa. Na aiki Malam ya ɗauko mani kwano, na kwashe abin da na iya. Ina kwashewa yana tsattsafowa ta inda wayar ta shigo." Ya juyo ya dube ni. "Ramin wayar taku ne ke jawo shi daga titi?"

Na san amsar. Ƙasar da aka taɓa tonawa ba ta komawa da ƙarfinta, ruwa yana bin ta kamar yadda yake bin kwari, kuma wannan ramin tun daga kwalbati yake gangarowa. Na so in ce ban sani ba. Na ce mashi e, shi ne.

Ya gyaɗa kai. Ya ce tun ranar da aka rufe ta, in ya kwanta yana ganinta ne yadda ya aje ta, a busasshiyar ƙasa, likkafani fari. Ya ce ya toshe bakin wurin da laka da duwatsu iyakar ƙarfinshi, amma shi manomi ne, ya san ruwa. Na ce zan kawo siminti in toshe ramin daga waje, gaba da baya. Ya ce in kawo. Bai ce zai yi amfani ba, ni ma ban ce ba.

Masu tantancewa sun zo a ranar da suka ce. Suka haɗa na'urarsu, suka duba, suka sa hannu, ɗayansu har ya yaba tsabtar bakin zaruruwan. Na kai simintin a ranar da yamma, muka zuba ni da Kawu. Muna gamawa muka koma zaure, aka kawo mamu ruwan wanke hannu.

Geronshi yana fitar da kai a lokacin, kuma an kwana biyu ba a yi ruwa ba, kowa a garin sama yake kallo. Muna zaune sai iska ta juya, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin. Yara suka fara murna a waje, wani maƙwabci ya leƙo ya ce Allah ya kawo sauƙi. Kawu ya ce amin. Ya daɗe yana kallon hadarin ta ƙofar zaure. Da ɗigon farko ya sauka a kan kwanon rufi, ya miƙe ya ɗauki fartanya ya nufi bakin titi, ni kuma na bi bayanshi.